Magurjin Cukun Gidan Ermes

Fiorenza: Alo? Baba?

Ermes: Fiorenza, ke ce? Kina ji na?

Fiorenza: Ina ji, Baba. Ina kwana?

Ermes: Lafiya lau. Ya Torino? Ya mijin naki, har yanzu bayan na damun sa?

Fiorenza: Da sauƙi. Ya sanyi a wajenku?

Ermes: Ruwa ake tun jiya. Yaran fa?

Fiorenza: Duk lafiya, suna gaishe ka. Ya jikin Mama?

Ermes: Tana nan. Delfina maƙwabciyarmu na zaune da ita.

Fiorenza: To kai kana ina? Hayaniya nake ji.

Ermes: Na sauko gari. Ina shagon kayan kicin na bayan coci.

Fiorenza: Shagon kayan me?

Ermes: Kicin! Kicin!

Fiorenza: Kai, Baba? Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa ba?

Ermes: Yi dariyarki. Magurjin cuku nake nema. Ga su nan kusan iri goma, duk kaina ya ɗaure. Akwai wani dogo siriri, akwai mai hannu da ake juyawa, akwai ma na lantarki.

Fiorenza: Ɗauki na lantarkin, yatsunka su huta. Ko ma ka bar wahala, ka sayi gurzajje na leda.

Ermes: Ai na saya. Shi ya jawo mini.

Fiorenza: Ya jawo me?

Ermes: Ba komai.

Fiorenza: Baba.

Ermes: Yau kwana uku uwarki ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Fiorenza: Kwana uku? Kuma sai yanzu kake faɗa mini, bayan ka gama tambayar bayan mijina?

Ermes: Likita ya zo jiya. Ya ce in Asabar ta yi ba ta ci ba, asibiti za su kai ta. Ni kuwa na san in ta bar gidan nan ba za ta dawo ba.

Fiorenza: Wayyo Allah. To me ya haɗa wannan da magurji?

Ermes: Kin manta gidanku ke nan. Shekara hamsin da biyu, ita ke girki, ni ke gurza cuku. Aikina ke nan ɗaya tak. Kin taɓa ganin ta zauna a tebur kafin ta ji ƙarar?

Fiorenza: A'a. Ko taliya ba ta tsamewa sai ta ji ka fara.

Ermes: To ciwon mantuwar nan ya tafi da komai, amma ya bar wannan. Sunanki ya tafi. Ni ma duk yini kallon baƙo take yi mini. Amma da na ɗora akwatin magurjin nan a cinya na fara gurzawa, sai ta taso daga duk inda take, ta ja kujera, ta ce, “Ermes, ya isa haka, za ka ƙarar mana da cuku.” Sau biyu a rana nake jin sunana a bakinta. Da rana da kuma... alo? Kina nan?

Fiorenza: Ina nan, Baba. Ci gaba.

Ermes: Ran Litinin na nemi magurjin na rasa. Sai na sayo na ledar, na barbaɗa mata a romo. Ta dubi kwanon, ta ture shi a hankali, ta ce, “Bawan Allah, na gode, amma mijina bai gurza ba tukuna. Zan jira shi.” Har yanzu jira take.

Fiorenza: Baba... ni ce.

Ermes: Me kika ce? Layin na yankewa.

Fiorenza: Na ce ni ce na ɗauke shi! Ran Lahadi da na zo. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kawar da duk abin da zai yanke ta. Na haɗa shi da wuƙaƙen na zuba a shara. Ya yi tsatsa, katakon ya tsage, ban ɗauka...

Ermes: Na sani. Delfina ta gan ki. Na bi, motar shara ta riga ni.

Fiorenza: Ka sani, ka yi shiru?

Ermes: In ce miki me? Tsoro kika ji wa uwarki. Share hawayenki, ba don wannan na kira ba. Kunnenki nake so, nawa ya tsufa. Na zo da guntun cuku a aljihu, mai shagon ya yarda in gwada. Ga siririn, saurara. Kin ji?

Fiorenza: Ban ji komai ba.

Ermes: Ni ma haka. Mai shagon sai yabon sa yake wai ba ya ƙara. Ga na lantarkin.

Fiorenza: Kai, kashe shi! Wannan ai sai ta firgita.

Ermes: To ga na ƙarshe. Mai akwatin katako ne da aljihu a ƙasa, kamar namu. Na kara wayar. Yaya?

Fiorenza: Ƙara yi.

Ermes: Ga shi.

Fiorenza: Ya yi kusa.

Ermes: Kada ki lallashe ni, Fiorenza. Shi ne ko ba shi ba?

Fiorenza: Ba shi ba ne, Baba. Namu muryarsa ta fi kauri. Wannan ya cika kaifi.

Ermes: Haka na ji a hannuna. Sabo ne, haƙoransa ba su ci duniya ba. Zan goga su a dutsen bakin ƙofa su dakushe. Malam, naɗe mini wannan.

Fiorenza: Zan shigo jirgin yamma.

Ermes: Ki zo. Amma in kin iso kada ki shigo kicin, ki tsaya a falo. In ta ga mutane sai ta rikice.

Fiorenza: To in ka gurza ba ta taso ba fa?

Ermes: Sai in ci gaba da gurzawa. Kilo biyu na saya.

Fiorenza: Baba...

Ermes: Ga motar haya ta unguwarmu can ta tsaya, in ta wuce sai ƙarfe uku, kuma sha biyu da rabi muke cin abinci. Sai kin zo.

Fiorenza: Baba, ka kira ni ko me ya... Alo? Baba?