Casa'in da Shida Cikin Ɗari

A ɗakin jiran likitan ido, wani mai jakar hannu ya miƙa wayarsa gaban dattijuwar da ke gefensa.

"Duba nan, Mama. Gwajin kaifin ƙwaƙwalwa na yi, na ci ɗari da talatin. Har na sa a intanet."

"Kawar min da ita daga fuska."

"Me ya yi zafi? Ai kamata ya yi kowa ya sa nasa, a san da wa ake hulɗa."

"'Yata ta sa nata. Shekara tara tana koyarwa, ba a taɓa kawo ƙararta ba. A gajiye ta yi gwajin, ta ci tamanin da biyar, ta sa tana dariya. Iyayen yara suka yi ta tura wa juna. Cikin sati biyu aka karɓe mata aji. Yanzu ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"Gaskiya ban ga laifin iyayen ba. Ni ma da ɗana yana ajin, cire shi zan yi."

"A gabana kake faɗin haka?"

"Kada ki ɗauke ni marar tausayi, Mama. Akwai gwaji na biyu, na gane halin da zuciyar mutum take ciki. Casa'in da shida na ci cikin ɗari. Bari in nemo miki."

"Bar shi. Tun ɗazu nake share ido da bakin mayafi, kai kana ta laluben waya."

"Ai na ɗauka ciwon idon ne."

"Mijina na rako, ni idona ƙalau yake. Ka rubuta wannan a ƙarƙashin casa'in da shidan naka, kowa ya gani."