Yadda Na Ci Gaba da Zama a Gidana

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hajara, daga wajen Gwiwa.

Lokacin da maigidana da abokansa za su kafa sabuwar unguwar noma, sun ɗauko wata ƙwararriya daga Kano don ta tsara musu zaman. Da ta zauna da su sai ta ce, "Malamai, idan ɗayanku ya rasu, iyalinsa za su ci gaba da zama a nan?" Suka amince iyalin mamaci za su ci gaba da zama, aka sa cikin dokokin unguwa.

Bara Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Har yau ina gidana da 'ya'yana, ba wanda ya tashe mu.

Ina gaishe da matan unguwarmu da suka taya ni sussukar gero bana.