Ɗan Fari Bai Shiga Lissafi Ba

"Zaman hira da mata a tsakar gida ba bincike ba ne, Malama. Bincike ƙirge ne."

A tashar Ƙanƙara ne, muna jiran motar Faskari ta cika. Ɗalibai biyu ne a bayana, saurayi da budurwa, ba su san juna ba sai yau.

"To, Sarkin Ƙirge, mi naka ƙirgen ya ba ka?"

"Ciwon kai. Na tambayi iyaye mata a Daudawa yawan ɗiyansu, na tambayi mazajensu, lissafin ya ƙi haɗuwa. Malamina na zargin a ɗaki na zauna na ƙirƙira. Zai iya kayar da ni."

"Na matan ne ya gaza?"

"Da ɗaya, kusan kowane gida."

Ta yi dariya. "Ɗan fari ne. Da na daɗe ina zama da su na lura, da yawansu kunya ba ta barinsu su sa shi a lissafi."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Ashe ba ni na ɓata aikin ba. Gobe zan kai ma malamina wannan bayanin."

Direba ya tada mota. Can saurayin ya ce, a hankali, "Ni ma fa ɗan fari ne. Ke nan Inna ba ta ƙirga ni?"