Bajimin da Ya Ƙi Motsi

A tashar Bodinga, cikin motar Shagari da ke jiran cika, wani dattijo ya miƙa wa na kusa da shi waya.

"Malam, duba min. Hoton bajimina ne. Mai saye ya ce bidiyo yake so, sai na goge jpg ɗin ƙarshen sunan na sa mp4. Wai ya ƙi buɗewa."

Mutumin ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Baba, ka ɗauka tashi zai yi ya kama tafiya?"

"Ai na ga duk masu motsi haka anka rubuta musu."

"Wutsiyar nan gaya wa waya kawai take da mi za ta buɗe abin. In ka rubuta gero jikin buhun albasa, albasa ce dai ciki. Maida jpg ɗinka, ka koma ka ɗauke shi bidiyo yana tafiya."

Dattijon ya rage murya yana ƙyaƙyatawa. "Yana tafiya? Ai nan matsalar take. Ƙafar baya na ɗan ja, Alhaji Lirwanu kuwa ba abin da ke wuce idonai."

"Alhaji Lirwanu na Dingyaɗi? Farin bajimi na Kajiji?"

"Ka san shi?"

"Yayana ne. Da bidiyon ya ƙi buɗewa, sai ya aiko ni in gani da ido. Gyara zama, Baba, tare za mu sauka."