Takardata a akwatin maƙwabci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hauwa, daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Bana da soja suka koma bariki na gama sakandare, na nemi karatun likita a jami'ar da shigarta ke da wuya. Ba mu da akwatin gidan waya, sai na rubuta lambar na maƙwabcinmu Baba Sani a fom, kamar yadda kowa ke yi a layinmu. 'Yarsa ma ta nema, ba ta samu ba.

Wata uku kullum ina durƙusawa in gaishe shi in tambaya ko takardar jami'ar ta zo. Sai ya ce, "Ba ta zo ba, 'yata, ki ci gaba da addu'a."

Shekaranjiya matarsa ta aiko mana da ƙosai a ƙunshe cikin takarda. Na warware, na ga sunana duk mai ya jiƙa shi. An ɗauke ni, amma an rufe rajista tun watan jiya.

Babana ya ce in yi shiru saboda maƙwabtaka. Masu sauraro, ku ba ni shawara: gobe in na ga Baba Sani, in durƙusa?