Ɗan Riga a Ruwan Gishiri

Injin kwale-kwalen babanmu na sayar na tafi. Yara, ku daina kallona haka, ba sata na yi ba, gadona ne. Ni da Yaya Habu muka zauna muka raba, shi ya ɗauki jirgin da komar, ni na ɗauki injin. Na haɗa kuɗin da ɗan abin da Inna ta ƙulle a bakin zane na bandar kifinta, na kai wa mutumin da ya ce zai samo min takardar aikin kula da tsofaffi a Landan. Takardar kam ta gaskiya ce, wannan ba zan yi masa ƙage ba. Aikin ne babu. Da na isa Landan, sati uku na yi ina zarya ofishinsu, kullum wata yarinya mai farce kamar na shaho sai ta ce min, "An yi cancel, ka dawo jibi." Sabi'u, riƙe min bakin komar nan, kunne ke ji ba hannu ba.

A wata unguwa na sauka da ake kira Abi Wud, can inda jirgin ƙasa yake ƙarewa ya juyo. Mai gidan da na kama ɗaki wata Hajiya Memuna ce, 'yar zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin a ƙasar. Ɗakin ma na ajiyar kaya ne a flat ɗinta, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Hausarta kuwa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "shi" ne. Ranar da na ɗumama busasshen kifin da Inna ta sa min a jaka, sai ga ta da tsintsiya a hannu.

"Ɗanlami, kifin nan ya cika gida da wari. Maƙwabciya na ya ce zai kira council, hukumar unguwa."

"Hajiya, maƙwabciya ai mace ce."

"Mace ne, namiji ne, council ɗaya ne zai kira! Buɗe taga!"

Na buɗe, sanyi ya shigo ya cinye mu duka. Amma ita ɗin ce ta samo min aiki, Allah ya saka mata. Ta ji na ce ni ɗan su ne daga Yawuri, sai ta ce akwai wani shagon kayan kamun kifi kusa da kogi, mai shagon yana neman mai shara da ɗaukar kaya.

Sunan mai shagon Bari. Haka uwarsa ta raɗa masa, Bari, amma wallahi ba ya barin komai, ko kwalin da aka yar sai ya daidaita shi ya sayar. Jajur da shi, wuyansa kamar na bijimi. A shagonsa na ga yadda Bature ya mayar da su wasan masu kuɗi. Mu muna shiga ruwa don yunwa, su suna shiga don hutu, su kama kifi su ɗauki hoto da shi su mayar da shi ruwa. Ranar da na fara gani sai da na yi salati.

Rana ta biyu ya nuna min wani ƙarfe a kan kanta ya faɗi sunansa. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne "ɗan riga". Na ce a raina, wane ɗa, wace riga? Har na bar ƙasar haka nake kiransa. To ku ji yadda yake. Kun san kwarkwaron da ake jan guga da shi a rijiya mai zurfi? Kamarsa ne, sai dai a gefen jirgi ake kafa shi. An nannaɗe masa doguwar waya, a ƙarshen wayar akwai dalma mai nauyi kamar kan jariri. Sai ka maƙala zaren fatsarka a jikin wayar da wani ɗan matsi, ka saki dalmar ta ja fatsar can ƙasa inda manyan kifi suke, jirgi kuma yana tafiya sannu a hankali yana jan ta. Kifi na haɗiye ƙugiya, zaren zai fizge daga matsin, ya rage kai da kifinka. Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Da babanmu ya ga wannan, da giwan ruwan da ke ramin Tungar Dutse bai tsufa a can ba.

Duk hikimar nan a kan waya take tsaye, domin ita ke ɗauke da dalmar. Iri biyu ake sayarwa. Akwai ta ƙarfe, siraran wayoyi da aka murɗa wuri ɗaya, tana da ƙarfi, amma in jirgi na tafiya tana kuka a ruwa kamar kukuma, kuma in ta lanƙwashe sau ɗaya, wurin nan ya zama rauninta har abada. Akwai kuma ta zare saƙaƙƙe, sunanta da Turanci kamar na burodi, har na taɓa tambayar wani mai saye ko yanka nawa yake so. Ita ba ta kuka, ba ta tsatsa, amma dutse ko ɓawon kawa yana yanke ta, kuma sai wanda ya iya ƙulli. In za ka teku, ko dai ka ɗauki saƙaƙƙiyar, ko ta ƙarfe ta ainihi wadda gishiri ba ya ci, ka kuma wanke ta da ruwan daɗi duk ranar da ka dawo.

Wata rana Bari ya shigo da kwali guda na wayar ƙarfe, ya sayo a gwanjon wani shago da ya rufe. A jikin takardarsu akwai hoton tafki da itatuwa. Ya ba ni wasu sababbin takardu masu hoton teku ya ce in liƙa a kai. Na murza wayar a yatsa, na ji ba ta yi min ba. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san ƙarfe da ruwa tun ban san wando ba. Na yanki ɗan guntu daga ita, na yanki wani daga ta ainihin, na samo kwalabe biyu, na jiƙa gishirin girki na zuba, na jefa guntu ɗaya a kowace, na ɓoye su bayan bokitin shara. Kafin wata ya cika, kwalba ɗaya ruwanta garau, ɗayar kuwa ta yi ja kamar an tofa goro. Na kai masa.

"Oga, wannan wayar ta tafki ce. Teku zai cinye ta."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma in ta tsinke da dalma a jiki, bulala ce, za ta tsaga mutum."

"Na ɗauke ka ka yi shara, ban ɗauke ka ka yi tunani ba. Zubar da ƙazantar nan."

Ban zubar ba. Takardun ma ban liƙa ba, shi ya zauna ya liƙa abinsa yana huci.

Ran wata Asabar sai ga mutum biyu sun shigo, Bature ɗaya da baƙi ɗaya dogo mai tabarau. Ina goge kanta sai na ji baƙin ya amsa waya, ya ce, "To Hajiya, sai na dawo." Kai! Wata biyar ban ji Hausar gida ba sai ta Hajiya Memuna. Ashe likita ne, mai fiɗa, Dokta Bashir, mutumin Zariya. Shi da abokinsa sun haɗa kuɗi sun sayi ƙaramin jirgi, suna son waya don ɗan rigarsu. Bari ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya zaro ta gwanjon, yana ta zuba mata kirari.

Na matsa kusa, na yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Kada ka sayi wannan, ba ta teku ba ce."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi tsumman da ke hannuna, ya saci kallon abokinsa. Sannan ya amsa min da Turanci, irin na cikin hanci, wai ya gode, amma da mai shago yake magana.

Yara, zagin Bari bai taɓa yi min zafi kamar wannan ba. Bari bai san ni ba. Wannan kuwa ya ji harshen uwarsa a bakina ya kawar da kai kamar ya ji wari. Na ce to, tunda Turanci ake so, bari a yi Turancin. Na shiga baya na ɗauko kwalabena biyu, na dangwara su a kan kanta har jan ruwan ya fallatsa a takardun Bari. Na ɗaga murya yadda duk wanda ke shagon zai ji, da Turancina mai karaya, na ce wannan ta ainihi ce, wannan kuma ita ce ake miƙa muku, wata ɗaya kawai ta yi a gishiri.

Wuyan Bari ya kumbura. Ya ce ni mahaukaci ne, ƙusa na jefa a ciki don ya hana ni ƙarin albashi. Ya ce in fita. Na cire rigar shagonsa na ninke ta tsaf na ajiye masa, na ce, "Ga rigarka, ɗan rigar kuma Allah ya kiyaye wanda zai ja shi." Ina ƙofa na ga likitan ya zaro katinsa ya biya kuɗin wayar nan. Ya gwammace ƙaryar mai shago da gaskiyar mai shara.

Hajiya Memuna ta yi min faɗa kamar za ta cinye ni. "Kai ne alƙali? Kifin Bature ne, wayan Bature ne, ina ruwanka?" Ta gama, ta zubo min shinkafa da wake ta tura min, ta ce, "Amma ka yi daidai. Ci." Ta kuma samo min wankin kwanuka a wani gidan abincin 'yan Najeriya da ke Ol Ken Rod, titin da bas ke bin juna kamar tururuwa.

Wata biyu bayan haka, an idar da sallar Juma'a ina neman takalmina, sai na ji an ce, "Malam, salamu alaikum." Na waiga. Dokta Bashir ne, hannun damansa a naɗe da bandeji. Yau kuma Hausa ta dawo bakinsa, tatacciya. Ashe fitarsu ta huɗu, yana jawo dalmar, wayar ta tsinke daidai inda ta yi tsatsa, ta zabgo masa a tafin hannu. An yi masa ɗinki, an ce saura kaɗan ta taɓa jijiya. Hannun da yake fiɗa da shi ke nan, hannun da ke ciyar da gidansu kaf a Zariya.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Amma ranka ya daɗe, da mai shago ya kamata ka yi magana."

Ya sunkuyar da kai. "Na cancanci wannan. Ka yafe min. So nake ka zo ka ɗaura mana wadda ta dace, zan biya ka."

"Zan zo. Amma sai mun fara biyawa ta wurin Bari. Kwalin nan bai ƙare ba, kuma ba kai kaɗai ke da hannu ba."

Washegari muka je. Na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannu. Likita ya ajiye tsinkakkiyar wayar a kanta, ya ɓare takardar tekun, hoton tafki ya bayyana. Ya yi magana a hankali, irin ta masu ilimi, har da ambaton lauya. Sai ga Bari da kansa ya sunkuya ya jawo kwalin, ya rungume shi ya kai bayan shago ya zuba a shara. Da zai wuce ni na matsa masa hanya, na ce, "A hankali oga, akwai nauyi."

Saƙaƙƙiya na zaɓa musu, domin inda suke zuwa yashi ne a ƙasa, ba dutse, kuma ba na son wani ƙarfe kusa da hannun mutumin nan kuma. Na yi mata ƙullin da babanmu yake wa igiyar mamari mai jerin ƙugiyoyi, Baturen abokin likitan ya sa ni na kwance na sake har sau uku yana ɗauka a waya. Suka ce in raka su teku. Nan ne fa aka ci mutuncina, kuma kada in ji wannan a bakin kowa a kasuwa. Ni Ɗanlami, da aka yanke min cibiya a bakin kogin Kwara, muna barin bakin kogi igiyar ruwa ta fara ɗaga mu, sai cikina ya juye. Na rungume gefen jirgi na amayar da har abin da na ci shekaranjiya. Likita yana riƙe da wuyan rigata da hannun hagu yana dariya, yana cewa, "Sarkin ruwa, a yi haƙuri!" Ina cikin wannan hali zaren ya fizge daga matsi. Kifin da kuke ce wa taitus, wanda ake kawo muku daskararre a kwali, ni na gan shi da ransa, bayansa yana walƙiya kore da shuɗi. Ban bari an mayar da shi ruwa ba. Hajiya Memuna ta soya mana shi, ba ta kuma ce a buɗe taga ba.

Daga nan masu jirage suka riƙa kirana, wannan a ɗaura masa waya, wancan a duba masa ƙulli. Ban daɗe ina yi ba takardata ta zo ƙarshe, tunda kamfanin da ya kawo ni ya rushe. Wasu suka ce in ɓuya, kowa haka yake yi. Na ce ni da na tsaya gaban Bari da kwalba biyu, ba zan koma ina leƙen taga duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na yi booking da kaina, na hau jirgi da rana tsaka.

Da na sauka a tashar Yawuri, Yaya Habu ya dubi jakata guda ɗaya, ya dubi bayana ko akwai wata. Ya ce, "Shi ke nan kayan?"

Na ce, "Shi ke nan."

"To me ka yi a can shekara guda?"

Na ce, "An kore ni daga aiki, Yaya. Kuma in aka mayar da ni yau, gobe za a sake korata."