Ragon Bakin Rijiya

A tashar Agiye, wata tsohuwa makiyayiya ta tsura wa tunkiyar wani manomi ido.

"Ɗan nan, me ya kwantar da ita?"

"Tsohon ciki, Inna. Ta daina ci, sai cizon haƙora."

"Ciki a bazara, ba ciyawa? Ai 'ya'yan ke cin jikinta. Ko ta haihu ba nono. Ina ta samu rago?"

"A rijiya, da sanyin nan. Wani mugu ya ɗaure masa gaba da igiya, na tausaya na kwance."

"Fari, mai baƙin kunne?"

"Shi!"

"To ni ce mugun. Na ɗaure shi ne don haihuwa ta faɗo damina. Yanzu nawa tumakin ma duk suna kwance."